Marigayiyar Ermanno

Shekara biyu ke nan, kullum ƙarfe huɗu na yamma, Nives takan fito da 'yarta Tecla barandar gidansu da ke bakin tafkin Como, a ƙauyen Lezzeno. Daidai lokacin ne mijinta Ermanno ke wucewa da baƙi 'yan yawon buɗe ido, a jirgin nan mai gudu na katako mai sheƙi. Sai ya rage wuta a ƙarƙashin barandar, Tecla ta ɗaga hannu, baƙin su ɗaga nasu, wasu matan har da share hawaye. Nives ta ɗauka kyan yarinyar ne ke taɓa su. Ko wanki take yi sai ta tsame hannu ta fito, don ba kowane uba ke tsayar da aiki saboda ya ga 'yarsa ba.

Wata Asabar cikin watan Yuli, mai jiragen da Ermanno ke wa aiki ya bugo mata waya. Wasu baƙi daga Milan sun ɗauki shatar jirgin har yamma, suna son abinci a kan ruwa, matar da ke yi musu hidima kuwa ta karye a hannu. Nives ta amsa. Ta bar Tecla wurin surukarta Onorina, ta ja mata kunne har sau uku kada yarinyar ta sauka matakalar ruwa ba rigar ceto, sannan ta hau bas zuwa Bellagio da kwandon burodi da cuku da busasshen kifi.

Tana isa kwatar jirage, Celso, wani direban jirgi mai ƙaton tumbi, ya cire hula ya dafe ƙirji.

"Kai jama'a, ku zo ku gani! Marigayiya ta taso, kuma ko jiƙewa ba ta yi ba!"

Sauran direbobin suka bushe da dariya, ɗaya har yana dukan ƙarfen kwatar.

"Wace marigayiya kuma, Celso? Tun da rana ka fara sha?"

"Ni? Tambayi gwauronki, ga shi can yana goge gilashi."

Ermanno ya ɗago, fuskarsa ta yi fari fat. Ya tsallako ya kama ta a gwiwar hannu.

"Me ya kawo ki?"

"Maigidanka ne ya kira ni."

"Koma gida."

"Da kwandon? Su ci me, igiya?"

Kafin ya ba ta amsa sai ga baƙin suna saukowa, wani lauya mai suna Galimberti da matarsa. Ermanno ya sunkuyo daidai kunnenta. "Yau ke ƙanwata ce. Ki zuba giya, ki yi shiru. Na roƙe ki, Nives, zan yi miki bayani a gida."

Sinyora Galimberti ta taho da hannuwa a buɗe, awarwaro na kacau-kacau, da wani kwali mai kintinkiri a hammata. "Ermanno, ɗana! Tun bara kake cikin raina. Yaya marainiyarmu? Tana cin abinci kuwa?"

"Tana nan lafiya, Sinyora. Wannan ƙanwata ce, ita ke taya ni riƙon ta."

"Allah sarki, Allah ya saka miki, 'yata," in ji matar, ta shafa kumatun Nives, ta kuma miƙa mata jakarta ta riƙe.

Ermanno ya ba jirgin wuta. Hancin jirgin ya ɗaga sama, ruwan ya tsage biyu, Nives ta danne kofunan gilashi da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe ƙarfe. Suka tsallaka zuwa ɗaya gaɓar, suka bi ta gaban manyan gidajen nan masu lambuna har bakin ruwa. Ermanno yana nunawa yana zuba bayani, wannan na wani basarake ne a da, wancan an yi bikin da aka kwana uku ana rawa. Lauyan yana waya, ba ya ko ɗagowa. Sinyora tana ihu duk lokacin da jirgin ya daki igiyar ruwa, tana cewa a ƙara. Nives tana yanka cuku, kalmar nan ta marainiya tana yi mata yawo a ka.

Da suka wuce wani ɗan tsibiri suka kai tsakanin Argegno da Nesso, inda tafkin ya fi ko'ina zurfi, Sinyora ta taɓa kafaɗar Ermanno.

"Nan ne, ko? Kashe injin. Ba wa Lauya labarin, bara barci ya yi ta yi."

"Sinyora, yau a bar shi mana."

"Haba ɗana, kuka magani ne. Saboda shi na ce lallai sai jirginka."

Ermanno ya kashe injin. Shiru ya sauko, sai ruwa na lasar katako. Da farko yana in'ina, idonsa a kan sitiyari. Matarsa, in ji shi, ta fita a ƙaramin kwale-kwale wata yammar kaka, Tecla na da wata tara, guguwa ta sauko daga duwatsu. Kwale-kwalen kawai aka tsinta. Nan zurfinsa ya fi mita ɗari huɗu, ruwan ba ya mayar da abin da ya ɗauka.

Daga nan bakinsa ya saki. Nives tana tsaye da kwalba a hannu ta ji muryarsa ta sauya, ta yi laushi, tana karyewa daidai inda ya kamata, kamar ta mai waƙar coci da ya haddace baitinsa. Ya faɗi yadda suka haɗu a bikin San Giovanni, tana cin polenta, tuwon masararsu, a tsaye, man shanu na bin hannunta. Ya faɗi shuɗiyar rigar sanyinta mai maɓalli ɗaya daban. Ya faɗi yadda take rufe baki in tana dariya saboda haƙorinta da ya gutsure. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Rigar tana rataye a bayan ƙofarsu yanzu haka.

Sinyora ta zaro fure daga cikin kwando ta jefa a ruwa, tana jan majina. Ta juyo ga Nives.

"Ke kin san ta sosai, ko?"

"Na san ta."

"Kyakkyawa ce?"

"Ba laifi," in ji Nives.

Lauyan ya sauke waya a karon farko. "Malam, kai kam ka huta. Ni shekara talatin ina kawo tawa tafkin nan, ko tsantsi bai taɓa ɗaukar ta ba."

"Kai dai ba ka da imani!" Sinyora ta doke shi da mafici, tana dariya cikin hawaye.

"Ba ta iya girki ba dai, Allah ya ji ƙanta," in ji Ermanno, ya yi dariya shi ma, sai idonsa ya haɗu da na Nives ya haɗiye sauran.

Nives ta cika musu kofuna ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ta riga ta yanke shawara: ita za ta iya shanye wannan har su koma gida, a can ta san abin da za ta yi da shi. Abin da ba za ta yarda ba shi ne maganar ta shiga kunnen Tecla. Yarinya ce 'yar shekara huɗu da rabi, wadda ta yi mako guda tana kuka saboda mataccen tsuntsu da ta gani a kan matakala.

Sa'ad da baƙin ke ɗaukar hoton ruwan da ke zubowa a kwazazzabon Nesso, ta matsa kusa da sitiyari.

"Sau nawa ka kashe ni?"

"Nives, kowa da labarinsa. Celso cewa yake kakansa ɗan fasa-ƙwauri ne. Ba gidaje suke biyan kuɗi su gani ba, wallahi, so suke su ji wani abu. Tun da na fara, taurari biyar suke ba ni a waya, shi ya sa aka ba ni babban jirgi."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ka saurare ni da kyau. In mun zo gida ka wuce. Ko rage wuta kada ka yi."

"Sinyora ta kawo wa yarinyar tsaraba."

"A ba ni, zan kai mata. Ka wuce, Ermanno."

Ya gyaɗa kai. Iskar breva ta riga ta taso daga kudu tana tura su, jirgin na tsalle a kan ruwa, gidajen Lezzeno suna matsowa. Nives ta hango barandarsu. Onorina na tsaye da Tecla a hannu, ta yafa baƙin mayafi. Sai yanzu Nives ta tuna cewa duk ranar da tsohuwar ta zo taya su ɗaga hannu, da mayafin nan take zuwa, ko ana zafin da ke narka kwalta.

"Ga ta can! Tsaya, tsaya!" Sinyora ta miƙe tsaye. "Kai mu bakin matakala, da hannuna zan ba ta."

"Ruwan ba kyau yau, Sinyora," in ji Nives. "Jirgin zai bugi dutse."

"Ƙanwarka ce direba ko kai?" in ji Lauyan.

Ermanno ya dubi matarsa, ya dubi baƙin. Ya juya sitiyari zuwa gaɓa.

Onorina ta sauko da yarinyar har matakalar ƙarshe, inda gansakuka ke da santsi, ba rigar ceto, ba ko takalmi. Tecla ta hango uwarta ta buɗe baki za ta kira, Ermanno ya riga ta da ƙarfi: "Tecla, gai da baƙi! Ga kyauta an kawo miki!"

Sinyora ta durƙusa a gefen jirgin ta buɗe kwalin. 'Yartsana ce mai farar riga da fukafukai.

"Karɓi, 'yar albarka. Kin san ko wace ce wannan? Mala'ika ce, kamar mamanki. Mamanki tana can ƙarƙashin ruwan nan tana barci, amma tana ganin ki kullum. Duk abin da kika yi tana gani."

Tecla ta dubi ruwan da ke lasar yatsun ƙafarta, ta ja da baya. Ta dubi kakarta. Onorina ta yi alamar gicciye ta sunkuyar da kai. Ta dubi ubanta, shi kuma ya ga wata igiya da ke bukatar gyara.

Nives ta ajiye kwalbar. Ta dira kan matakalar, ruwa ya shiga takalmanta, ta sure yarinyar.

"Sinyora, ni ce uwarta. Ni na haife ta, a asibitin Como, ranar sha ɗaya ga Janairu. Ba wanda ya mutu. Mijina ne wancan, ƙarya yake yi muku."

Sinyora ta dafe ƙirji, idonta ya sake cikowa.

"Wayyo Allah. Ka ji, Lauya? Ka ji irin ƙaunar? Har ta manta ba ita ta haife ta ba." Ta juya ga Ermanno ta rage murya, amma kowa na ji. "Kullum haka take?"

Ermanno ya share gumi. "Wani lokaci, Sinyora. Abin ya taɓa ta sosai. Likita ya ce kada a yi mata musu."

"Haka ne, 'yata, ke ce uwarta," in ji Sinyora da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Ta leƙo fuskar Tecla. "Ki riƙa jin maganar goggonki, kin ji? Tana son ki kamar ita ta haife ki."

Nives ta haura matakalar da 'yarta a kafaɗa. A bayanta ta ji injin ya tashi, ta ji Lauyan na tambaya ko an bar sauran cukun a jirgi.

A ɗaki ta sauya wa Tecla kaya, ta sa mata takalmi. Ta zuba na kwana uku a jaka, da katin rigakafi, da takardar haihuwa, da maganin tari. Onorina na tsaye a bakin ƙofa.

"Ke ma da zafin kai. Wasa ne fa na aiki, duk garin nan an sani, ba wanda ya ɗauke shi da nauyi. Yarinya ce, gobe ta manta."

"Matsa min, Mama."

"Da labarin nan aka gyara rufin da kike kwana a ƙarƙashinsa."

"Na ce ki matsa."

Suka samu bas ɗin ƙarfe biyar da kwata mai zuwa Como, daga can za su kama ta Cantù, gidan yayar Nives. Tecla ta ƙi sakin 'yartsanar, Nives kuwa ba ta so ta ƙwace ta sa ta kuka a cikin mutane. Ta zaunar da ita a cinya, ta buɗe waya ta nuna mata hotuna: ga ta da ƙaton ciki a gaban coci, ga ta a gadon asibiti da jaririya ja-wur a ƙirji.

"Kin gani? Wannan ni ce, wannan ke ce. Daga cikin nan kika fito. Matar nan ba ta san mu ba, shirme kawai take yi."

Tecla ta daɗe tana kallon hoton.

"To wa ke cikin ruwan?"

"Ba kowa. Kifi ne kawai da duwatsu."

"Baba bai ce ƙarya ba ne. Kaka ma ba ta ce ba."

"Ni na ce. Dube ni, Tecla. Wace ce ni?"

Yarinyar ta dube ta, sannan ta leƙa taga. Can ƙasa tafkin na ƙyalli, wani jirgi mai gudu ya ja farin layi a tsakiyarsa.

"In na kira ki Mama, ta cikin ruwan za ta ji haushi?"

"Babu wata ta cikin ruwa. Kira ni. Kira ni yanzu, da ƙarfi, kowa ya ji."

Tecla ta matse 'yartsanar a ƙirji, ta kawo bakinta kusa da kunnen uwarta ta yi raɗa.

"Bari sai mun wuce ruwan."

Hanyar kuwa bakin tafkin take bi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har cikin Como, tafiyar kusan awa guda. Nives ta riƙe 'yarta da hannu biyu tana jira.