Fanshon da Ba Ya Kwana

Rahama ta kai shekara goma a Bron, kusa da Lyon a Faransa, tana aikin bincike a jami'a, amma har yau ba ta iya kallon idon mahaifinta ta tambaye shi nawa yake samu. 'Yar fari ce. Ko sunanta mahaifin nata, Malam Bukari, ba ya faɗa. Ga shi ofishin biza ba ruwansa da kunya: tsohon da ke son dogon zama a Faransa sai ya nuna yana da abin riƙe kansa.

Ita kuwa so take ya dawo kusa da ita, tunda mahaifiyarsu ta rasu, ga shi da hawan jini. Sai ta ɗora wa ƙaninta Kamalu aikin tambayar, shi da ke gyaran waya a unguwar Barbès, can babban birnin ƙasar. Auta ne, bakinsa ba linzami.

Takardar banki ta iso daga Damagaram. Fanshon malanta da hayar shaguna, idan aka haɗa da tallafin 'ya'ya, za su iya isa. Sai dai kuɗin Malam ba sa kwana. Ranar da suka shigo, ranar suke fita: hatsin ƙanwarsa Gwaggo Maimouna, maganin maƙwabci, kuɗin makarantar marayu.

"Baba, ka bar su su zauna wata uku, a ga kana da ajiya," in ji Kamalu a waya. "Mu za mu aika wa Gwaggo."

"Daga hannuna ta saba karɓa," in ji Malam. Amma ya ce zai gwada.

Ya daure har wata biyu. A na uku damina ta kayar da ɗakin Gwaggo, ya je banki ya kwashe komai. Biza ba ta fito ba.

Kamalu ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon wajen Rahama, suka kira Malam tare. Ran Rahama ya ɓaci sosai, har ta karɓe wayar da kanta.

"Baba, don me ba ka gaya mana ba?"

Malam bai saba jin muryarta kai tsaye haka ba.

"Sun ce in nuna ina iya riƙe kaina," ya ce a hankali. "Ni ban taɓa riƙe kaina ni kaɗai ba. In na taho, wa zai riƙe su?"

Rahama ta miƙa wa Kamalu wayar. Ɗakin da ta gyara wa tsohon, ta shiga ta naɗe dardumar da ta shimfiɗa masa.