Ɗan Fari a Ƙarƙashin Shuɗiyar Fitila

"Ba zan ɗauke shi ba, Inna."

Inna Hure ta dubi matar ɗanta, Maijidda, kamar ba ta ji daidai ba. Jaririn yana kwance daga shi sai ƙunzugu, an rufe masa ido, ƙarƙashin shuɗiyar fitilar da asibiti ke maganin shawara da ita. Tun da aka sa shi yake ta kashi kore shar, ruwa-ruwa.

"Wutar nan dafa masa hanji take yi! Ga suna gobe. A bana da gero ya gagari kowa, da ƙyar muka yi kiwon ragon nan. Naɗe shi mu tafi, na jiƙa masa saiwa."

"Ɗana ba ya zuwa ko'ina sai idonsa ya washe."

Ɗana! A ƙauyensu na bayan Minjibir mace ba ta ko kallon ɗan fari a gaban surukai, balle ta kira shi nata. Maijidda ta san haka sarai. Karatun da ta yi a Bici bai mantar da ita ba. Ta dai faɗa, kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

Asiya, nas ɗin ɗakin, ta matso. "Inna, shawarar ce ke fita ta kashi. Mun kai kashin an auna, babu alamar kumburin hanji. In aka cire shi yanzu, tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa."

"Kashin ma sai an yi masa jarrabawa? To, ya ci?"

"Ya ci, Inna, har da yabo."

Masu jego suka fashe da dariya. Inna Hure ta ja mayafinta ta fice.

Maijidda ta zauna a kan benci, ba wankan jego, ba kunun kanwa. Ta ba jaririn nono, ta mai da shi cikin haske, ta wanke ƙunzugu. Washegari da la'asar mijinta Tasi'u ya iso da soyayyen nama a leda.

"An raɗa masa Muntaka," in ji shi, yana leƙa yaron. "Kai, wannan ai ɗan acaɓa kika haifa mana, har da tabarau!"

Naman ya zagaya ɗakin kaf, masu jego suka yi mata guɗa ƙasa-ƙasa.

Da aka sallame su, Inna Hure ta karɓi jikanta, ta buɗe idonsa, fari tas. "Mijin nawa ya dawo," ta ce, tana yi masa rawa. Maijidda kuwa, ko kallon ta Inna ba ta yi ba.

Muntaka ya yi ɓul-ɓul. Maijidda dai ba ta ga taron sunan ɗanta na fari ba, atamfar fitar suna tana nan a ninke. Har aka gama yankan gero Inna ba ta amsa gaisuwarta ba, kuma har yau a ƙauyen Uwar Ɗana ake kiran Maijidda.