Igiyar Zarami

"Ku duba! Ku duba yadda yake ɗaure shi, mara imani!"

Muryar Mardiyya mai injin niƙa har ta danne ƙarar injin. Mata sun yi cincirindo a kanta, kowace ta ajiye kwanon hatsinta a ƙasa kaji na yi masa ɓarna, an haɗa kawuna a kan wata waya mai fasasshen gilashi. Bintu ta iso da ƙwaryar dawa a ka, ta yi sallama ta sake yi, ba wadda ta amsa. Da yake ita ma ba ta ƙi jin labari ba, sai ta leƙa ta tsakanin kafaɗu.

A cikin wayar, wani ƙato ne mai jajayen idanu durƙushe a kwalekwale, yana naɗa igiya a ƙafar wani mutum da jini ya rufe wa fuska. Da ya gama ya lalube aljihun mutumin, ya tura shi ruwa. Sai wani daga gaɓa ya ƙwala masa kira: "Zarami! Zarami mai fito!"

Sunan mijin Bintu ne, sana'arsa ce kuma.

Mardiyya ce ta fara ɗagowa. Tana ganinta ta kife wayar a cinya, matan suka watse kowace na neman kwanonta.

"Ya Bintu, ashe ke ce. Kawo a fara niƙa miki."

A wurin nan da ake dambe a kan layi, yau ba wadda ta ce uffan. Wannan karamcin ya fi zagi tsorata ta.

* * *

Abin ya faru ne tun Bintu na goyon ɗanta na fari, Safiyanu, wanda yau furfura ta cika masa gemu. A lokacin babu gada a Garin Auta, duk mai zuwa kasuwar Guri sai ya shiga jirgin Zarami. Wata safiya da kaka, ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, ya fita duba komarsa ya tarar da mutum kife cikin ciyawar kachala. Shu'ibu ne, dillalin shanu, an rotsa masa kai.

Masuntan garin suna da al'adarsu tun kaka da kakanni. Wanda ya tsinci gawa a ruwa ba ya fito da ita, don kada a ce ya ɓata sawu. Ba ya kuma tafiya ya bar ta, don kada ruwa ya ja ta dangi su rasa abin binnewa. Ɗaure ƙafarta yake yi a jikin bishiya, sannan ya je ya kira mai gari. Abin da Zarami ya yi ke nan. Ya kwance igiyar jirginsa, ya ɗaure ƙafar Shu'ibu a saiwar giyayya, ya sheƙa cikin gari yana salati.

'Yan sandan da suka zo daga Haɗejiya baƙi ne, ba su san wannan ba. Igiyarsa suka gani a ƙafar mamaci, suka tafi da shi. Ya yi watanni a tsare kafin dattawan gari, har da wan mamacin, su je su yi wa alƙali bayani a sake shi. Ranar da ya dawo, Safara'u matar Shu'ibu ta aiko masa da ƙwaryar nono ta ban-gajiya. Wanda ya yi kisan dai har yau Allah kaɗai ya san shi.

Magana ta mutu, aka yi shekara da shekaru. Sai bara wasu samari suka zo daga birni da kyamarori, suka zauna a teburin mai shayi suna tambayar tsofaffin labarai. Wani mai bakin da ba ya gajiya ya ba su wannan. Suka ɗauki igiyar suka je suka yi fim da ita, suka bar sauran a kan tebur.

Shi kuwa Zarami tsufa ya riga ya cinye masa tunani. Wuni yake a tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida yana gaida duk mai wucewa. Wata rana ya kira Bintu da sunan mahaifiyarsa, wata rana ya tashi yana neman sandar tuƙi wai mutane na jiransa a bakin ruwa. Abin da aka gaya masa da safe shi yake riƙewa har yamma. Bintu takan ce da shi, "Malam, ka ci abinci," ya ce, "To, na ci," ko da bai ci ba.

* * *

Mutanen Garin Auta fa ba a yi musu wayo. Kafin sati ya zagayo sun gano duk kurakuran fim ɗin. A teburin mai shayi an yi ittifaƙi cewa hular da aka sa wa mai gari ba ta zamanin ba ce. An yi dariyar jirgi mai inji a shekarun da ko keke sai gidan mai hali. An ce Barbarcin da ɗan wasan ke yi, ko jaririn Guri ya fi shi. Wani har ya rantse cewa kogin ma ba nasu ba ne, don nasu bai taɓa yin irin wannan duwatsun ba. Kowa ya nuna gwaninta a kan hula da duwatsu. Kisan ne kaɗai ba wanda ya yi wa musu.

Samari suka laƙaba wa tsohon suna, Baba Mai Igiya. In sun zo wucewa su faɗa, shi kuma ya ɗaga hannu yana murmushi, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka." A masallaci, inda ake cewa a haɗa ƙafa a toshe kafar shaiɗan, sai ga fili a damansa, fili a hagunsa. Safiyanu ne ya gani, ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

Da ƙyar ya samo lambar mai shirya fim ɗin. Ya kira shi, ya buɗe muryar wayar don mahaifiyarsa ta ji.

"Ranka ya daɗe, fim ne fa," in ji saurayin, cikin ladabi kamar mai sayar da turare. "Idan aka ƙare ba a nuna wanda ya yi kisa ba, wa zai kalla? Mutane suna son su ga mai laifi."

"Amma mahaifina ba shi ya yi ba. Alƙali ya sake shi. Kuma yana raye."



"Wallahi ce mana aka yi ya rasu. Amma ai a ƙarshe mun rubuta cewa an yi 'yan ƙare-ƙare."

"A farko kuma kun sa mutum ya faɗa da baki cewa labarin gaskiya ne."

"Bari in yi magana da abokan aiki, zan kira ka."

Bai kira ba. Bintu ba ta ma sa rai ba. Magana zarar bunu ce, wannan kuwa an zare ta an watsa wa duniya. Abin da ke cin ranta ɗaya ne: mutumin nan ya kusa kabari, ba ta so ya shiga da sunan da ba nasa ba.

* * *

Mutum ɗaya ya rage wanda bakinsa zai yi nauyi. Dattawan da suka je gaban alƙali duk ƙasa ta rufe su. Bintu ta yafa mayafi ta nufi unguwar Fulani a bakin gari.

Ta sami Safara'u a tsakar gida tana tsince wake, ta ranƙwafa kamar lauje. Suka gaisa, suka tambayi jikoki da ciwon ƙafa. Sannan Bintu ta ce, "Yaya Safara'u, kin san abin da ya kawo ni."

"Na sani."

"Ke kika aiko masa da nono."

"Ni ce. Ban manta ba." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Bintu, bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Tun da aka binne uban yaran nan ba wanda ya sake tambayata wa ya kashe shi. Hukuma ta saki mijinki ta naɗe tabarma. Na rayu da marayu a kan tallar nono, aka manta da mu kamar akuya ce ta faɗa ruwa. Yanzu mutane daga Jahun, daga Haɗejiya, suna bugo waya suna yi mini ta'aziyya. Jikokina sun san an taɓa yin wani mutum Shu'ibu. Na san ƙarya ce. Amma wallahi ranar da na kalla, sai da na ji wani sanyi a raina, ko ba komai an nuna wani an ce shi ne."

Bintu ta ji haushi, ta kuma ji tausayi, ta rasa wanda za ta bi.

"To a kan mijina za ki huce?"

Safara'u ta ajiye faifan.

"A'a. Ba zan je gaban Allah da wannan ba. Ki gaya wa mai gari ya tara mutane."

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a ƙofar mai gari. Safara'u ta zauna a bakin zaure, ta yi bayani tiryan-tiryan da 'yar muryarta: al'adar igiya, zuwan dattawa gaban alƙali, ƙwaryar nono. Ta ce ba don Zarami ba, da ko gawar mijinta ba ta gani ba. Mai gari ya gyaɗa kai ya ce haka shi ma ya ji daga mahaifinsa. Bintu na bayan mata tana sharar hawaye, tana jin kamar an sauke mata dutse.

Ba ta kai ga tashi ba ta fara jin ƙus-ƙus.

"Allah sarki, baiwar Allah. Yafewa ta yi."

"Ai an ga Bintu ta shiga gidanta shekaranjiya. Roƙonta aka yi."

Sai Khalid, jikan Safara'u, ɗan acaɓa mai zafin kai, ya miƙe.

"Inna, ki yi haƙuri. Kina bakin ruwa lokacin da abin ya faru?"

"Ba na nan."

"To ke ji kika yi. Mu kuwa mun gani da idonmu. Gani ya kori ji."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce gaskiya ne. Ba wanda ya tuna masa cewa abin da ya gani, an yi shi ne bara, da ɗan wasa da jan kala. Taro ya watse kowa da abin da ya zo da shi.

Da la'asar ɗin ranar Bintu na ɗaki ta ji hayaniya a ƙofar gida. Ta fito ta tarar da abokan Khalid tsugune gaban tsohon, sun kara masa waya a fuska.

"Wane ne wannan mugun?" Zarami ke tambaya, yana ƙanƙance ido.

"Kai ne, Baba. Ba ka ji an kira sunanka ba?"

Ta rarumi muciya ta bi su, suka tarwatse suna shewa. Da ta dawo ta same shi yana juya tafin hannunsa yana dubawa. Ta ce, "Malam, ƙarya suke yi." Ya ce, "To." Amma bai taɓa tuwon dare ba.

* * *

Da safe ta dama koko ta fito da shi, ta tarar da tabarma ba kowa. Ta duba masallaci, ta duba hanyar kogi inda ya saba nufa in abin ya motsa. Wata mai tallar ƙosai ce ta ce ta gan shi ya yi unguwar Fulani.

Tun daga nesa ta hango taro a ƙofar gidan Safara'u, hannuwa a sama, kowane riƙe da waya. Ta kutsa tana ture mutane.

Yana tsugune a ƙasa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, a bai-bai, ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe kamar mai gaida sarki. Safara'u na tsaye a bakin ƙofa ta dafe bango.

"An ce ni na kashe Shu'ibu," yake cewa. "Ni dai ban tuna ba. Na yi ta nema a kaina ban samu ba. Amma tunda jama'a duk sun gani, ba za su haɗu su yi mini ƙarya ba. Ki yafe mini, baiwar Allah, kafin in je can."

"Ba kai ba ne!" Safara'u ta fashe da kuka. "Wallahi ba kai ba ne, Malam Zarami! Tashi!"

Bai ji ta ba. Ya waiga ya ga Bintu, ya gane ta sarai, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

"Bintu, shekara nawa muna tare. Me ya sa kika ɓoye mini?"

Daga bayanta wani ya ce, a hankali, kamar mai jin tausayi, "To ga shi dai ya amsa da bakinsa."

Bintu ta sunkuya ta ɗauki takalman, ta durƙusa a gabansa tana sa masa ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin suka matso don su ɗauka da kyau.