Wa Zai Ba Albasar Gado Ruwa?

Almustapha ya sauka garinsu Kashin Zama da albishir, ya tarar da mahaifinsa Gado a fadama yana jan jigo yana ba albasarsa ruwa. Ya gaya masa ranar Asabar za a yaye su a Jami'ar Sakkwato, kuma yana son tsohon ya gani da idonsa.

"Allah shi yi albarka," in ji Gado, bai saki igiya ba. "Amma ba ni zuwa. Dashen ga sabo na, in ya kwana bai sha ba ya tai."

Zuciyar Almustapha ta tafasa. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a bakin rijiya don ɗansa ya yi karatu, shi za a ce ba zai ga ranar ba? Hanya ɗaya ce, a kira gayya. Mai gayya kuwa da ƙafarsa yake bin gida-gida. Ga shi a hutun bara ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa manoman garin malalata ne, sun kwanta da "haka muka gada", sun ƙi haɗa kai su samo injin ban ruwa. Tun ranar ba mai amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

Ya fara da zauren Labbo, maƙwabcin gonarsu, wanda ya fi kowa jin haushi. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"A'a, Malam Inji!" in ji Labbo. "Yau mi ya kawo ka wurin malalata?"

"Baba, ruwa nika roƙo. Ku riƙe wa tsoho gona shi je Sakkwato."

"To, ka janye maganarka ta bara?"

Almustapha ya ce, "Kalmar lalaci na janye, Baba, ban kyauta ba. Batun inji kam yana nan. Jigo na cinye bayanku, kuma ba dole ba ne."

Labbo ya dube shi, sai ya fashe da dariya har da buga cinya. "Taurin kan Gado sak! Tashi. Ba don bakinka ba, don ubanka. Kada ka wahal da kanka bin gidaje, ni ka gaya musu."

Ranar Juma'a Gado ya hau mota a Jega cikin babbar rigarsa ta salla. Da aka kira sunan ɗansa a zauren taro, ya miƙe tsaye shi kaɗai yana ta "Alhamdu lillahi", sai da na kusa ya ja masa riga ya zauna.

Da suka dawo suka tarar 'yan gayya sun shayar da albasar. Gudiya, mahaifiyar Almustapha, ta tuƙa tuwon shinkafa, dangi suka zo har daga Maiyama, abokan karatunsa suka cika tabarmi. Aka ware wa sabon mai digiri kujera a tsakiya. Bai zauna ba. Ya naɗe hannun riga ya ɗauki buta da tasa, ya bi 'yan gayya ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu ruwan wanke hannu, yana kiran kowa da sunansa yana godiya. Tafin hannunsu duk kanta ne, wasu igiya ta yanke. Da ya zo kan Labbo sai ya tsaya da buta a hannu yana duban tafinsa.

"Zuba mana, yaro," in ji Labbo a hankali. "Tuwo na hucewa."