Taken Rissa a Cikin Kaki

Yahuza mutumin Falanko makaɗin molo ne, amma ba ya waƙa. Tun wani ciwon wuya da ya yi yana saurayi muryarsa ta dushe, sai ya zama na bayan mawaƙa. Duk mai waƙar da zai je biki ko gayyar noma yana iya aiko masa, ya zauna a gefe ya riƙe masa kiɗa, a yi ta yabon mawaƙi, ba mai tambayar sunan mai molo. Wanda ya fi ɗaukarsa shi ne Manzo, mai murya kamar kakaki.

Wata ranar kasuwar Tanut suna cikin wasa, Haruna tafinta ya zo ya ce ana kiransu bariki. Ba kumandan mai mulkin ƙasar ne ke nemansu ba. Wani baƙon Nasara ne mai yawo da akwati mai ƙaho, wanda ake sa wa wani abu na kakin zuma mai kamar guntun gora, ya yi ta juyawa, allura tana rubuta duk abin da aka yi a bakin ƙahon.

Manzo ya gyara riga ya saki murya. Allura ta yi tsalle, kakin ya ɓaci. Aka matsar da shi baya, ya sake ɓata wani. Nasaran ya ɗaga hannu ya yi magana, Haruna ya fassara yana kallon ƙasa: mai waƙa ya huta, molo kaɗai ake so.

Yahuza bai taɓa kiɗa ba tare da wani a gabansa ba. Ya yi taken manoma, ya yi na mahauta, Nasaran yana canza kaki yana nuna masa ya ƙara. Zufa ta jiƙa masa riga, kansa ya ɗaure, kuma kafin ya ankara yatsunsa sun shiga taken Rissa.

Rissa madugu ne daga wajen Tenhiya, shi ya fara ba Yahuza rawani, shi kuma ya yi masa wannan take. A shekarun yaƙi, da aka zo kwashe masa raƙuma, ya sari wani gardi, dogarin bariki, a kafaɗa ya gudu arewa. Tun daga nan ba a ambaton sunansa a kasuwa.

Da aka gama, Nasaran ya juya akwatin, kiɗan ya fito siriri kamar daga cikin rijiya. Gardawa suka yi ta dariya suna leƙa ƙahon. A cikinsu Mato kaɗai bai yi dariya ba, don shi ne mai tabon a kafaɗa. Nasaran dai bai san komai ba. Ya ce wannan na ƙarshen ya fi masa daɗi, har ya sake sa shi da yamma a gaban kumandan.

A hanyar komawa, da suka hango rumbunan Falanko, Manzo ya gaya wa Yahuza ya nemi wanda zai riƙa bi, tunda yanzu ya zama sarkin kansa.

Yahuza ya yi ta jiran a zo a kama shi, ba wanda ya zo. Labari kuwa ya bi rijiyoyi da zangon ayari. Kafin ya kai arewa ya canza kama: wai an kaɗa taken Rissa a bariki, kumandan ya ji ya gyaɗa kai, ashe an yafe masa.

Fadimata ƙanwar Rissa ce ta zo Falanko a kan jaki ta same shi yana ɗaure tsarkiyar molo. Ko ruwa ba ta karɓa ba. Ta ce yayanta ya aiko cewa yana tafe, ta tambaye shi ko wani a bariki ya faɗa masa maganar yafewa. Ya ce ba wanda ya faɗa masa. Hannunsa ne kawai ya tafi.

Ta ce, "To hannunka ya kira shi, Yahuza. Sai ka san yadda za ka mai da shi."

Ya ari raƙumi ya nufi Tenhiya, yana ba duk makiyayin da ya gamu da shi saƙon kada Rissa ya sauko. Ya iso ya tarar an riga shi. Mato ya kwana biyu yana gadin rijiyar garin da mutanensa, kuma Rissa ya sauko da rana tsaka, ba ko takobi, da sabon rawani a kansa.

Suna fitowa da shi da igiya a hannu suka yi kiciɓis da Yahuza. Rissa ya tsufa, ya rame. Ya tsaya ya dubi Yahuza, Mato bai hana shi ba.

"Da gaske ka kaɗa shi a gabansu?"

"Na kaɗa, madugu."

"Ya fito daidai?"

Rissa ya ɗan yi murmushi, aka ja shi.

Yahuza ya bi su har Tanut, ya roƙi Haruna ya kai shi wurin baƙon ko zai sa baki. Haruna ya ce ai ya daɗe da wucewa Damagaram da akwatunansa, daga can sai teku, kuma bai ko tambayi sunan mai kiɗan ba. Aka wuce da Rissa gidan kaso. Damina ba ta faɗi ba labarin rasuwarsa ya zo.

Mawaƙan Falanko suka daina aiko wa Yahuza. Ya kwashe iyalinsa ya koma Belbeji, inda ya samu wata tsohuwar zabiya, Tabawa, wadda muryarta ta fara rawa, take neman wanda zai rufa mata asiri da kiɗa. Ita ya bi har ƙarshen rayuwarta. Duk shekara bayan girbi yakan aika wa Fadimata damin hatsi, ita kuma takan ba jakin mai saƙon ruwa, ta ce ya mai da kayan.