Fuskar da ke Ɗakin Kaji

Shekara arba'in da ɗaya Attracta Mulqueen ta yi tana koya wa yaran Kilfarna cewa igwar sojojin Ingila ce ta rushe hasumiyar garinsu. Haka aka koya mata, haka ta koyar. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda igwa za ta tsince sassaƙaƙƙun duwatsun taga da ƙofa ta yi gaba da su, ta bar munanan a tsaye. Ita ta rubuta kalmomin da aka zana a allon tagullar da za a kafa jikin kufan ran Lahadi da yamma, kuma ita za ta yi jawabi.

Ran Alhamis tana kankare tsohuwar farar ƙasa a ɗakin kajinta don ta shafa sabuwa, sai wani ɓawo ya ɓamɓaro daga dutsen saman ƙofa. Hanci ya bayyana. Ta ƙara kankarewa, ga ido biyu, ga gemu mai tsini, ga baki a murɗe kamar wanda aka ba shayi mai sanyi. Ta san shi sarai. Zanensa na cikin littafin tarihin gunduma: fuskar mai hasumiyar, wadda ta sha gaya wa ɗalibai igwa ta yi raga-raga da ita. Kakanta ne kuwa ya gina ɗakin kajin nan.

Ta kira ƙanenta Mossie, wanda a shekara saba'in bai taɓa aure ba, bai kuma taɓa sauri ba. Ya ɗaga kai ya duba, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ashe nan ka ɓuya. Shekara ɗari kana gadin ƙwai."

"Rufe mini baki. Ka san wadda za ta zo ran Lahadi?"

Ya sani, kowa ya sani. An gayyato wata masaniyar tsofaffin gine-gine daga jami'a, Dakta Sorcha Keaveney, kuma an ce bayan biki za ta bi gida-gida tana duba katangu. Idan ta ga fuskar nan, Concepta Hehir za ta ji. Concepta ta daɗe tana harin kujerar shugabar ƙungiyar tarihi ta garin, wadda Attracta ke kai, kuma ita ce mai kanti, labari ba ya kwana a bakinta.

"Sai ki sake shafe shi, Yaya. Ya saba."

"Macen da ta yi digiri uku a kan duwatsu, farar ƙasa ce za ta ruɗe ta? Mayar da shi za mu yi. Mu jefa cikin ciyawa gindin hasumiya, a ce can ya faɗi."

"Yaushe? Garin nan ko tari ka yi sai an san launin hankicinka."

"Lahadi, ƙarfe sha ɗaya. Kowa na coci."

Mossie ya dube ta kamar ta ce za ta shiga rawa a kasuwa. Rabon da ta rasa ibadar Lahadi tun ranar da aka cire mata haƙori.

Ran Asabar suka tokare ƙofar da gungumen itace, suka zaro dutsen, kaji na ta ƙorafi. Lahadi da ƙararrawa ta yi shiru suka ɗora shi a baro, suka rufe da buhun dankali. Hanyar kufan gangara ce, ruwa kuma ya sauka da safe. Ba su yi nisa ba baro ya karɓi jagoranci. Mossie na biye yana roƙonsa, ita tana biye da Mossie riƙe da bayan kwat ɗinsa, takalmanta na ƙwas ƙwas a kwalta. Sai ta ji wani abu na taso mata daga ciki, ta ɗauka tsoro ne, ashe dariya ce.

Suka sha kwanar ƙarshe, baro ya tsaya cikin shinge.

Ga Dinny Considine a kan taraktarsa, rabin bakin taga na dutse ɗaure a baya, har da kashin shanu a jiki. Ga wasu tsofaffin 'yan'uwa mata biyu na gidan Neylon suna tura keken jarirai, cikinsa matakalar dutse guda. Ga mutum wajen ashirin, kowa da kayan coci a jiki da dutse a gaba. Can gefe, Concepta Hehir da hularta mai gashin tsuntsu ta rungumo wani kwano na dutse, ƙasar furanni na zuba a kan siket ɗinta.

Kowa ya sami wani gajimare yana kallo.

"Malama, ba ki je coci ba," in ji Concepta.

"Ke ma na ga daga can kike. Wannan ne sabon littafin addu'arki?"

"Kakata tsintarsa ta yi."

"Nawa kakan ma tsinta ya yi," in ji Dinny daga kan tarakta. "Da jaki biyu da ƙarfen ɓamɓara ya je tsintar."

Ƙaramar 'yar Neylon ce ta fara fashewa da dariya, mai shekara tamanin. Daga nan abin ya kama kowa. Dinny ya kifa kai a sitiyari har hon ya yi ƙara. Mossie ya zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Suna cikin haka wata ƙaramar mota ta tsaya. Fada Culligan, limamin cocin, ya fito, tare da wata doguwar mace mai takalmin roba.

"Mutum huɗu na yi wa wa'azi," ya ce, "ɗaya baƙuwa ce, ga ta nan. Ta iso da wuri."

Attracta ta ga idan ba ta faɗa da bakinta ba, Concepta za ta faɗa da nata. Ta gyara abin wuyanta, ta je ta yaye buhun.

"Dakta, ga mai hasumiya. A ɗakin kajina yake. Na shekara arba'in da ɗaya ina ɗora wa igwa laifin kakana."

Dakta Keaveney ta durƙusa gaban baro ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta miƙe ta dubi tarakta da keken jarirai, ta dafe kai.

"Wa ya ce ku cire su? Abin da ya kawo ni ke nan, in rubuta inda kowane dutse ya koma, gidan wa, kuma wa ya kai shi. Kusan kowane kufai a yankin nan haka ya watse cikin gari. Don Allah kowa ya mayar inda ya ɗauko. Zan bi ku in ɗauki sunaye."

"Sunaye?" in ji Concepta. "A littafi?"

"A littafi."

Concepta ta ƙara rungume kwanon. "To a rubuta Hehir da kyau. Kakata ita kaɗai ta ɗauko wannan, tana da ciki wata bakwai."

"Kwanon shan kare? Dubi nawa, ya kai nauyin maraƙi," in ji Dinny.

"Namu matakala goma sha biyu ne, guda muka iya kawowa," in ji 'yan Neylon a tare.

Attracta ta bar su suka yi ta yi. Da hayaniya ta ɗan lafa, ta ɗaga murya irin ta aji, yawancin waɗanda ke wurin kuwa ta taɓa tsayar da su a lungun aji.

"Ku duk gini kuka kwaso. Kakana mai gidan ya ɗauko ɗungurungum. Dakta, fara da Mulqueen."

Dakta ta buɗe littafinta ta fara da Mulqueen.

"Allon tagulla fa, Malama?" in ji Fada. "Ƙarfe huɗu ne bikin."

"A juya shi, Fada, bayansa fili ne. Jawabin kuma ku zo da kujeru, ya ƙara tsawo."