Lilon da Ya Kayar da Zubaida

Sirajo maƙeri ne a Mayahi, irin mutanen nan da in ka ce musu abu ba ya yiwuwa ka tsokano su. Shi ya ƙera lilo mai juyawa, kujeru kewaye da sandar ƙarfe, yana kafa shi bakin kasuwa duk Sallah. To, ranar ƙaramar Sallah sandar ta karye, lilon ya kife, ɗiyarsa Zubaida ta faɗi har haƙorinta na gaba ya gutsure. Ba ta yi wani kuka ba. Dubansa kawai ta yi ta ce, "Baba, ba ni ƙara hawan abinka." Wallahi maganar nan ta fi komai yi masa zafi.

Ya kwashi karyayyen ƙarfen ya kai maƙera, ya yi ta jujjuya shi. Bakin karayar gefe ɗaya ya yi tsatsa, ɗayan kuwa fari tas. Ashe tsagar ta daɗe tana ci, kuma daga gefe guda. Amma me ke danne lilo ta gefe guda, alhali kujerun nan shi ya auna su da hannunsa?

Matarsa Sa'adatu ta kawo masa fura, ta tarar yana zagin ƙarfe.

"Malam, ƙarfe ke da laifi ko idonka? Kana can kana turi, ba ka duban masu hawa."

"Mi zan duba? Yara ne dai!"

"Yara ne, amma 'yan mata ba su zama kusa da maza. Gefensu guda suke taruwa kullum, kuma kowace da ƙanenta a goye. Kai ka ƙirga kai ɗaya, kujera na ɗauke da biyu."

Sirajo ya riƙe baki. Kai, abin kunya! Zubaida ma ranar ai daga gefen masu goyon ta faɗo, Allah dai ya sa ita ba ta ɗauko nata ba.

Bai tsaya yi wa sandar faci ba. Ya nemo gatarin tsohuwar amalanke mai kauri, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyinta, ya sa masa rulma, wato boris, sama da ƙasa don juyin ya daidaita. Kujerun mata ya faɗaɗa su saboda goyo, ya shafa musu jan fenti, ya raba su suna fuskantar juna. Na maza kore, a tsakani, da rata yadda ba mai taɓa wani. Kafin ya yarda da aikin sai da ya ɗora buhunan hatsi ya yi ta juyawa, har maƙwabta suka ce Sirajo ya fara yi wa gero Sallah.

Babbar Sallah ta zo, yara suka yi layi. Zubaida na can gindin iccen bedi da ƙanenta Nuraddeen a baya, tana kallo. Sirajo ya so ya kira ta, ya haɗiye. Lilon ya juya ya tsaya, ya sake juyawa, ko ƙara babu.

Can sai ga ta. Ta girgiza jar kujera da hannu, ta gyara goyonta, ta hau. Sirajo ya tura a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da ta zagayo ta gabansa, sai ya ga giɓin haƙorin nan a fili, tana dariya.

"Haba Baba, tura da ƙarfi mana!"